Isaka Dabore da lissafin dambe: nawa ne jari, nawa ne riba?

Ranar Lahadin da ta wuce, cikin shirinmu na wasanni na bayan sallar lisha, mun jefa wa masu saurare wata tambaya da muka ɗauka mai sauƙi ce. Muka ce: wane ɗan Nijar ne ya fara ciyo wa ƙasar nan lambar yabo a wasannin Olimfik? Nan da nan waya ta ɗau zafi. An kira daga Zariya, an kira daga Bagalam da Sabon Gari, an kira daga Tibiri har Jiratawa. Mafi yawa suka ce Alfaga. Wasu suka ce Kantu, wai ai shi ne farkon komi. Wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai ta rantse mana da cewa Isaka Isaka ne, da muka ce ta ci rabin amsa sai ta kashe waya cikin fushi, tana tsammani ba'a muke mata. Sai can dab da rufe shiri wani dattijo, tsohon mahauci, ya kira da murya ƙasa-ƙasa ya faɗi sunan: Isaka Dabore, ɗan dambe, shekarar 1972.

Abin ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka ce bari mu kawo maganar nan shafin ƴan kasuwa. Dalili kuwa, dambe ɗan kasuwa ne. A rumfar mahauta aka haife shi, da kalangun mahauta aka yi masa suna. Kuma a ƴan shekarun nan babu kakar da za ta wuce ba mu ji wata uwa a babbar kasuwa tana kukan ɗanta ya ajiye wuƙa da faranti, ya bi ta Ɗan Isa ya ƙetare zuwa Katsina ko Kano, wai zai shiga gidan dambe ya ci babur ko mota. To, kafin a hana yaro ko a sa masa albarka, ya kamata a san mene ne cikin wannan sana'a, kuma ina ta kai waɗanda suka yi nisa cikinta.

Mutum guda da tuta

An haifi Isaka Dabore a shekarar 1940 a Dingazi, can yammacin ƙasa cikin jahar Tilaberi. Damben da ya yi suna da shi ba irin namu na zare ba ne, damben Turawa ne, wanda ake sa safar hannu biyu a shiga fili mai igiya a kewaye.

A watan Oktoba na 1964 aka yi wasannin Olimfik a Tokyo, babban birnin Japan. Lokacin Nijar tana da shekara huɗu kacal da samun ƴancin kai, kuma wannan ne zuwanta na farko. Ƙasashe irin su Amurka da Tarayyar Sobiyet sun zo da ƴan wasa ɗaruruwa. Nijar kuwa ɗan wasa guda ta kai, shi ne Dabore, yana da shekara 24. Ku kwatanta da mai talla da faranti ɗaya da aka ba wuri tsakanin manyan alhazai masu sito. Amma bai je ƙauyanci ba. A ajin masu nauyin kilo 67 ya buge mutum biyu a jere, ya kai zagayen ƴan takwas. Nan ya haɗu da Pertti Purhonen na ƙasar Finlan, alƙalai suka ba Purhonen.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya gane. A damben Olimfik ba a yin wasan neman na uku. Duk wanda ya kai zagayen ƴan huɗu ya riga ya sami lamba, ko da an buge shi a can. Wato a Tokyo wasa ɗaya tak ya raba Dabore da lambar tagulla. Purhonen ɗin da ya wuce shi, tagullar ya koma da ita gida.

Bayan shekara huɗu, a 1968, ya sake zuwa, wannan karo a birnin Meziko. Ya komo hannu wofi. Da wani ne, da nan ya ce ya isa, don ɗan dambe in ya doshi talatin an fara kallonsa a matsayin tsoho.

Dabore bai ce ya isa ba. A 1972, yana da shekara 32, ya shiga jirgi zuwa Munik ta ƙasar Jamus cikin tawagar ƴan dambe huɗu. A can ya yi wasa a ajin kilo 63 da rabi, wato ƙasa da nauyin da ya je da shi Tokyo yana saurayi. Masu awo sun san abin da muke nufi: buhun shinkafa na kilo 50, a ɗora masa kilo 13 da rabi, shi ke nan mutumin. Kuma sikelin can ba irin wanda ake sa wa ƙafa ba ne a lokacin cinikin gyaɗa. In ka haura ko da kaɗan, an cire ka tun ba ka kai naushi ɗaya ba. Magidanci mai shekara 32 ya riƙe jikinsa a wannan awo, sai da hana ciki, da gudu kullum safiya, da zufa.

Ya fara da Odartey Lawson na Gana, ya buge shi. Ya haɗu da Park Tai-shik na Koriya ta Kudu, shi ma ya buge shi, a zagayen ƴan takwas kuma, matakin da ya faɗi a Tokyo, wannan karo ya ƙetare. A zagayen ƴan huɗu Angel Angelov na Bulgariya ya fi shi maki, shi kuma Angelov ya sha kashi a wasan ƙarshe hannun Ray Seales na Amurka. Dabore ya hau dakali aka rataya masa tagulla, aka ɗaga tutar Nijar.

Wasannin Munik ɗin nan ba cikin daɗi aka gama su ba. Ranar 5 ga Satumba ƴan bindigar Falasɗinawa suka shiga masaukin ƴan wasa, abin ya ƙare da mutuwar mutum 11 na tawagar Isra'ila, har aka dakatar da wasa kafin a ci gaba. A gida kuma shekarun fari ne. Dattawan Maraɗi ba su manta ba: dabbobi suna faɗuwa a hanya, makiyaya suna gangarowa daga arewa, gyaɗar da ta gina garin nan tana shirin durƙushewa. Gidaje babu tele. Wanda ya ji labarin tagullar nan, a akwatin rediyo ya ji shi, wataƙila ma cikinsa babu tuwon dare. Muna ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa sunan bai zauna a bakin mutane yadda ya kamata ba. Mai neman tiyar gero ba ya riƙe sunan ɗan Bulgariya.

A watan Janairu na 1973 ya sake nuna kansa a wasannin Afirka da aka yi a Legas, inda ya kai wasan ƙarshe, Obisia Nwankpa na Najeriya ya ɗauki zinariya shi kuma azurfa.

Yadda kokowa ta cinye fili

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. A watan Afrilu na 1974 sojoji suka kifar da Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, kuma namu na Maraɗi, Yakuba Ango Kantu, shi ya fara ɗaukar takobi. Daga nan hankalin hukuma da na talakawa da aljihun alhazai duk suka koma kan kokowa. Ana gina filaye jaha-jaha, ana sa musu sunayen zarata: namu na Maraɗi sunan Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Makaɗa irin su Sagalo suna wasa su, rediyo tana kai kirarinsu har rugar da babu hanyar mota.

Ba mu ga laifin kokowa ba, mu ma in ana gasar takobi ba ma cin abinci a kan lokaci. Amma damben safar hannu ya yi rashin sa'a biyu a daidai lokacin da ya kamata a gina a kan abin da Dabore ya kafa. A 1976 ƙasashen Afirka da dama suka ƙaurace wa wasannin Montreyal saboda hulɗar wasa da Niyu Zilan ta yi da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, Nijar ba ta je ba. A 1980 ma ba ta je Mosko ba. Sai 1984 ta koma. Shekara 12 ke nan. Yaron da ya fara koyon naushi saboda ya ji sunan Dabore a 1972, kafin ƙofa ta sake buɗewa ya yi aure ya tara iyali.

Sai da aka yi shekara 44 kafin Nijar ta sake ganin wata lamba. A 2016, a Riyo ta Barazil, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a wasan tekwando, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Abin sha'awa a nan, tekwando wasan ƙafa ne, yawancin makinsa da shuri ake samu. Wato lambar farko hannu ya kawo ta, ta biyu ƙafa ta kawo ta. Damben mahautanmu kuwa tun kaka da kakanni ya haɗa biyun.

Zare da safar hannu ba ɗaya ba ne

Mata da yawa masu karanta wannan shafi ba su taɓa tsayawa a dandali ba, sai dai su ji kalangu daga nesa bayan an ɗaure damman gero. To ga yadda abin yake. Ɗan damben gargajiya hannu ɗaya yake naɗewa, ya sa tsumma ya bi shi da zare har ya yi tauri kamar taɓarya. Wannan shi ne mashi. Ɗaya hannun a buɗe yake, miƙe gaban abokin karawa, shi ne garkuwa. Ana turmi uku. Wanda ya faɗi, ko gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an ce an kashe shi. Ana kai shuri. A da ba a auna kowa, ƙaramin mutum in yana jin zuciya sai ya taka wa ƙato, kuma da haka ake yin suna. Da haka Shago ya yi nasa, har Ɗan Anace ya sa ko jariri ya san shi.

Damben Turawa kuwa hannu biyu ne duk mashi, duk garkuwa. Ƙafa aikinta tafiya kawai, wanda ya kai shuri ya yi laifi. Faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba, alƙali zai ƙirga goma, in ka tashi a ci gaba. A zamanin Dabore turmi uku ne na minti uku-uku, alƙalai biyar zaune suna rubuta maki. Saboda haka mai jiran ya sami kafa ɗaya ya yi kisa, kamar yadda ake yi a dandali, yana iya tsayuwa yana jira har wasa ya ƙare, wani ɗan siriri mai saurin hannu ya tara maki ya tafi da nasara. Wannan ne ya sa ba kowane gwanin zare ne zai zama gwanin safar hannu ba. Jikin da ya saba tsayuwa gefe ɗaya, hannu ɗaya a baya, sai an warware shi an sake ɗinki, kuma da ƙuruciya ake wannan aiki.

Wanda ya bar shuri ya bi kuɗi

Samarinmu masu kwana a gidajen kallo sun san wani ɗan Ingila, Dillian Whyte. Mun kawo shi ne don shi ya yi irin wannan sauyin sheƙa. An haife shi a Jamaika a 1988, aka kai shi Landan yana ɗan shekara 12, ya tashi a unguwar talakawa. Da damben hannu da ƙafa ya fara, wanda ya fi kama da namu, har ya zama zakara a Ingila. Amma kasuwar wannan wasa ƙarama ce, sai ya ajiye shuri ya koma damben hannu zalla. A 2009, tun suna masu koyo, ya buge Anthony Joshua, wanda iyayensa ƴan asalin Najeriya ne. A 2011 ya shiga damben kuɗi.

Nan fa lissafi ya fara. Bai yi nisa ba aka gwada fitsarinsa aka sami wani sinadarin ƙara kuzari da aka haramta, wanda ya ce cikin garin ƙarin ƙarfi na kanti ya sha shi. Aka dakatar da shi shekara biyu, daga 2012 zuwa 2014, kamar a rufe wa mutum shago yana tsakiyar ciniki. Ya komo, Joshua ya rama a watan Disamba na 2015, ya kwantar da shi a turmi na bakwai. Ya sake tashi, ya buge manya irin su Joseph Parker a 2018. A 2020 wani ɗan Rasha, Alexander Povetkin, ya sumar da shi da naushi ɗaya, shi kuma ya rama a 2021.

Babbar ranarsa ita ce 23 ga Afrilu 2022, a filin Wembley, gaban mutum 94,000, da Tyson Fury, don kambin duniya. An sayi wasan nan a kan dalar Amurka miliyan 41, wato sama da miliyar 20 na sefa. Amma rabon ba raba-daidai ba ne: kashi 80 cikin ɗari na Fury mai kambi, kashi 20 na Whyte. Daga ciki kuma mai horarwa zai ɗauka, dillali zai ɗauki la'ada, gwamnati ta ɗauki haraji. A turmi na shida Fury ya ɗaga masa haɓa, wasa ya ƙare. A watan Agusta na 2025 kuma, a Riyad ta Saudiyya, wani yaro ɗan shekara 20, Moses Itauma, wanda shi ma ubansa ɗan Najeriya ne, ya gama da shi tun turmin farko, cikin ƙasa da minti biyu. Whyte yana da shekara 37.

Ko kusa ba za a ce ya yi asara ba, ya tara abin da jikokinsa za su ci. Sai dai shi ɗaya ne cikin dubbai da suka shiga ta wannan ƙofa. Dabore kuwa a zamaninsa ƴan Olimfik ba a biyansu kuɗin wasa, suna da tuta kawai ake nema.

Tambayoyin da uwa za ta yi

Yanzu mu dawo gida. Gaskiya ne dambe ya sami kasuwa a ƙetaren iyaka. Ana ɗaukarsa da waya ana sawa a YouTube da Facebook, ana sa gasar babur da ta mota, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa kowane da magoya bayansa, masu kuɗi suna liƙi. Yaron Mokoyo ko Ɗan Gulbi da ke kallon wannan a wayarsa, yana kuma yini yana fiɗa a ba shi jikka ɗaya, dole ransa ya biya.

Amma ku ƴan kasuwa kun fi mu sanin cewa ba a lissafin riba sai an cire uwar kuɗi. Jarin ɗan dambe jikinsa ne, kuma jari ne da ba a sarowa in ya ƙare. Mai tumatir a Jiratawa in kwando ya ruɓe yau, gobe fadama za ta ba shi wani. Ido in ya tsiyaye ya tsiyaye. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yawan bugu a kai yana taruwa ne a hankali, sai bayan shekaru a ga mutum yana mantuwa, harshe yana nauyi, hannu yana rawa. Mafi haɗari shi ne wanda aka sumar yau, jibi ya sake ɗaura zare tun ƙwaƙwalwa ba ta huta ba. A damben da ke da doka, wanda aka sumar sai an hana shi wasa na makonni, likita ya duba shi. A dandalin ƙauye kuwa ruwa ake zuba masa, makaɗi ya zuga shi, ya koma.

Sai kuma tramol, wanda ba sai mun ɓoye ba, a bakin tasha ake sayar da shi kamar goro. Yaro ya sha don kada ya ji zafin naushi, alhali zafin nan shi ne mai gaya masa ya tsaya. A Ingila an rufe wa Whyte kasuwa shekara biyu a kan abin da bai kai wannan ba.

Ga kuma canji. Liƙin can da naira ake yi, kuma tun 2023 kowa ya ga yadda naira ta zube gaban sefa. Damin kuɗin da ya cika aljihu a Kano, in an kawo shi wurin ƴan canji a Maraɗi sai ya koma ƴan takardu.

Mu dai a ganinmu hani da ƙarfi ba ya aiki, yaron da ya ji kalangu a jininsa ta katanga zai fita. Gara uwa ta zaunar da shi ta yi masa tambayar ciniki. Wane ne ubangidanka a can, kuma wa ya san shi a nan? In an ji maka ciwo wa zai biya asibiti? Ana haɗa ka da sa'anka a nauyi, ko duk wanda aka ga dama? Wata nawa za ka yi, kuma wa zai riƙe maka teburinka kafin ka komo? In kuma ɗan shekara 13 ne ko 14 mai saurin hannu, wataƙila hanyar Dabore da Alfaga ta fi masa, inda ake awo, ake da mai horarwa da likita, kuma ba sai ya bar lakkwal ba. A nan alhazan garin nan suna da abin yi. Abin da mutum ɗaya yake liƙa wa ɗan kokowa a yammaci ɗaya ya isa sayen safar hannu da buhun naushi na yara ashirin.

Ranar Litinin, da kasuwa ta ci, mun bi sawun dattijon nan da ya ba da amsa, muka same shi a layin masu nama. Ashe shi ma ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa, ya zaga garuruwan Gobir da na Katsina da kaka. Ya ce a rediyon wani mai kanti ya ji labarin Munik, suna tsaye su fi goma, kuma ranar ya fara sanin cewa ana dambe a ƙasar Turawa. Ya miƙo mana hannunsa na dama mu gani: yatsu biyu sun karkace, ba sa lanƙwasuwa, in sanyin hunturu ya shigo ko wuƙa ba ya iya riƙewa. Jikansa ne ke yanka, shi yana karɓar kuɗi. Muka tambaye shi ko ya yi nadama, sai ya yi dariya ya ce a dandali ya sami matarsa ta fari. Muka ce to jikan fa, in ya ce zai shiga? Sai ya juya yana ba wata mai sayen tsoka canji, bai amsa mana ba.

Bai san Dabore ya rasu ba sai da muka gaya masa. Allah ya yi masa cikawa a watan Disamba na 2021, yana da shekara 81. Dattijon ya ajiye kuɗin da ke hannunsa, ya ɗaga tafukansa ya yi masa addu'a, mahautan da ke kusa suka shafa tare da mu.

Ranar Lahadi mai zuwa za mu sake buɗe layi a kan wannan magana, kuma wannan karo iyaye mata muke so su fara kira.